Masu Danna Tallarka a Intanet: Tambayoyi da Amsoshi ga Ƴan Kasuwar Yamai

Waɗannan tambayoyi ne da masu butiki, teloli, masu turaren wuta da masu aika kaya jihohi suke yawan yi mini a nan Yamai game da tallar da suke biya a Facebook, Instagram da Google. Na bar su kusan yadda ake yin su. Abin da ya sa na rubuta shi ne ina ganin kuɗin guminku yana tafiya a kan dannawar da ba ta kawo ciniki, alhali gyaran ba mai wuya ba ne.

Malam, mene ne wannan CTR da nake gani a lissafin tallata?

Shi ne kason waɗanda suka danna tallarka cikin adadin da aka nuna ta. Ka ɗauki yawan dannawa, ka raba shi da yawan fitowar talla, ka ninka sau 100. Idan tallar shaddarka ta fito sau dubu 10, aka danna ta sau 200, CTR ɗinka kashi 2 cikin 100 ne. Wanda wayarsa take da Faransanci zai ga an rubuta "taux de clics".

Kamar rumfa ce a Babbar Kasuwa: dubban mutane suna wucewa ta gabanta, kaɗan ne suke tsayawa su ce a kwance musu turmi su gani. CTR masu tsayawar yake ƙirgawa. Ko sun saya ko ba su saya ba, wannan wani lissafi ne daban.

Ka lura kuma, fitowa yake ƙirgawa, ba mutane ba. Idan tallar ta fito wa mutum ɗaya sau huɗu, fitowa huɗu aka rubuta.

To kashi nawa ne mai kyau?

Babu lamba ɗaya da ta dace da kowa. A watan Oktoba na 1994, lokacin da kamfanin AT&T na Amurka ya saka ɗaya daga cikin tallolin hoto na farko a shafin HotWired, an ruwaito cewa kusan kashi 44 na waɗanda suka gan ta sun danna, don lokacin abin sabo ne. Yau irin wannan tallar hoto da ke gefen shafuka galibi ba ta kai kashi 1. Tallar da ke fitowa a sakamakon binciken Google takan fi haka nesa, saboda mutum da kansa ya rubuta abin da yake nema. Ta Facebook tana tsakani.

Alƙaluman da za ka ga ana yaɗawa a matsayin ma'auni, yawancinsu daga kasuwannin Amurka da Turai aka tattaro su, inda tsadar talla, saurin intanet da halin masu saye suka bambanta da namu. Ma'aunin da zai amfane ka shi ne naka na baya. Tallar watan jiya ta kawo kashi nawa, ta wannan watan ta kawo nawa, a kan kaya iri ɗaya da mutane iri ɗaya? Ka sami littafi ka riƙa rubutawa.

Na ga CTR iri biyu a Facebook, ɗaya babba ɗaya ƙarami. Wanne zan duba?

Ƙaramin. Babban, wanda aka rubuta "tous" a gabansa, yana haɗa kowace irin taɓawa: wanda ya buɗe hoto don ya ƙara gani, wanda ya danna sunan shafinka, wanda ya danna a ƙarasa masa rubutu. Ƙaramin kuwa masu danna mahaɗin kawai yake ƙirgawa, wato waɗanda suka nufi WhatsApp ɗinka ko shafinka. Idan ka ba wani yaro aikin talla ya kawo maka rahoto da kashi 8 ko 9, ka tambaye shi wanne daga cikin biyun ya ɗauko.

Tunda na riga na biya kuɗin tallar, ina ruwana da yawan masu dannawa?

Da ruwanka ƙwarai, Alhaji, don shi ne yake yanke farashin kowane mutum da ya iso gare ka. A ce fitowa dubu ɗaya tana cin sefa 500. Idan CTR ɗinka kashi 1 ne, mutum 10 ka samu, kowane ya tsaya maka dala goma. Idan ya kai kashi 2, mutum 20 ka samu da kuɗin nan dai, kowane dala biyar.

Bayan haka, gurbin talla gwanjonsa ake yi a duk lokacin da wani ya buɗe wayarsa. Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ba yawan kuɗin da ka sa kaɗai take dubawa ba. Tana haɗa shi da hasashen ko mutumin zai yi abin da kake so, da kuma ingancin tallar. Google ma yana ba kalmomin binciken da ka zaɓa wa tallarka maki daga 1 zuwa 10, kuma abu uku yake aunawa: CTR ɗin da ake sa ran za ka samu, dacewar tallar da abin da aka nema, da kyawun shafin da mutum zai sauka. Saboda haka mai ƙaramin jari da tallarsa ta dace yakan iya shan gaban wanda ya fi shi kuɗi.

Ni ana danna tallata sosai, amma ba mai saye. Ina matsalar take?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, Hajiya, kuma zan daɗe a kanta.

Mu ɗauki misali. Talla biyu, kowace an kashe mata jikka 10, kowace ta fito sau dubu 20. Ta farko hoton amarya ce cikin leshi mai walƙiya, an rubuta "Danna ki ga abin mamaki". An danna sau 800, kashi 4 ke nan, amma mutum 2 suka saya. Ta biyu hoton leshin ne shimfiɗe, an rubuta yadi nawa ne, da kuɗinsa, da unguwar da butikin yake. An danna sau 300 kawai, kashi 1 da rabi, amma mutum 12 suka saya. A ta farko kowane ciniki ya ci miki jikka 5. A ta biyu bai kai jikka guda ba. Wanda ya tsaya a kan CTR kaɗai zai kashe ta biyu ya ƙara wa ta farko kuɗi, ya yi asara yana murna.

Idan dannawa ta yi yawa ciniki ya yi ƙaranci, ga wuraren da nake fara dubawa. Na farko, me tallar ta yi alkawari? Idan hoton da ya ja mutane ba shi ne ainihin kayan ba, ko an ɓoye farashi, ƴan kallo za ki tara. Na biyu, su wa aka nuna wa? Idan kin bar tallar ta bazu har wajen ƙasa, wanda ke Kano ko Kwatano zai danna, ya ga ba hanyar karɓar kaya, ya fita. Na uku, wane buri kika zaɓa lokacin saka tallar? Na'urar Meta abin da aka ce ta nemo take nemowa. Idan kin ce dannawa kike so, za ta kai tallar wurin mutanen da hannunsu yake saurin dannawa, ko ba su taɓa sayen komai ta waya ba. Idan saƙo kike so, ki zaɓi saƙo. Na huɗu, wurin fitowa: tallar da ke faɗowa cikin wasannin waya da wasu manhajoji, da yawa bisa kuskure ake taɓa ta, yaro yana wasa da wayar uwarsa yatsa ya sauka a kai. Ki buɗe lissafi ki raba shi bisa wurin fitowa, inda kika ga dannawa da yawa babu saƙo, ki cire shi.

Na biyar ba a cikin tallar yake ba, a hannunki yake. Mutum ya danna, ya shigo WhatsApp, ya rubuta "Salamu alaikum, nawa ne?" da ƙarfe goma na safe, ba a amsa masa ba sai bayan isha'i. Kafin nan ya saya a kasuwar Wadata. Kin biya kuɗin kawo shi har ƙofa, aka bar shi tsaye.

Wane irin hoto ne ya fi jan mutane su danna?

Hoton kayanki na gaske, wanda kika ɗauka da hannunki. Mutanen Yamai sun gaji da hotunan da aka kwaso daga shafukan Dubai da Turkiyya, don an sha turo musu abin da bai yi kama da hoton ba. Ki goge gilashin kyamarar wayar da gefen mayafi, ƙurar garin nan tana dusashe hoto ba ki sani ba. Ki fito da shaddar bakin ƙofa da hantsi, inda haske yake shigowa amma rana ba ta dukanta kai tsaye, ki shimfiɗa ta a kan farin ƙyalle, ki matso har zanen da ke jikinta ya fito. Ki ɗauki wani hoton kuma hannu yana riƙe da ita, don a gane kaurinta da yadda take sheƙi. Kaya ɗaya a hoto ɗaya. Idan kin jera kala goma a hoto guda, a fuskar ƙaramar waya ba abin da zai fito.

Kusan kowa a waya zai ga tallar, don haka hoton ya zama murabba'i ko mai tsayi, ba mai faɗi ba. Bidiyo yana aiki idan gajere ne kuma kayan sun bayyana tun daƙiƙun farko. Da yawa suna kallo ba tare da sauti ba, sai ki rubuta farashi da unguwa a jikin bidiyon. Kada ya yi nauyi, don mai kallo megarsa yake ci.

Da can Facebook yana takura hoton da rubutu ya wuce kashi 20 na jikinsa. Ya janye wannan doka a 2020, amma har yanzu hoton da aka cika da rubutu ido yana gudunsa.

Da wane harshe zan rubuta: Hausa, Zabarmanci ko Faransanci?

Da harshen da kake ciniki da mutumin in ya shigo butiki. Mai sayar da kwamfuta ga ma'aikatan ofisoshin Filato, Faransanci zai fi masa. Mai atamfa, mai kilishi, mai kayan ɗaki na amare, su gwada Hausa da Zabarmanci. Yawancin tallolin da ake gani a nan da Faransanci suke, shi ya sa jimla ɗaya ta Hausa mai daɗi takan tsayar da yatsan mai wucewa.

Abin da ban so shi ne a cusa harsuna uku a talla guda. Layuka biyu ko uku na farko kawai ake gani kafin a yanke rubutun, sai ka ga gaisuwa ta cinye su. Ka yi talla daban ga kowane harshe, ka ga wadda ta fi kawo saƙo. Akwai kuma masu saye da yawa da suke jin Hausa sarai amma karanta ta da boko yana yi musu nauyi. Su murya ce take kai musu: bidiyo na daƙiƙa 15 kana bayani da bakinka, da tabbacin cewa za su iya aiko saƙon murya a amsa musu.

Ga bambancin rubutu. Wani zai sa: "Muna da kaya masu kyau da inganci, farashi mai rahusa, ku tuntuɓe mu." Wannan kowa ma zai iya faɗa. Kwatanta da: "Kilishin yau, na naman sa, mai yaji da marar yaji. Muna kaiwa gida a cikin Yamai, muna sa wa a mota zuwa Tawa, Maraɗi da Damagaram." Na biyun ya faɗi kaya, ya faɗi wuri, ya amsa tambayar da mai saye zai fara yi.

In na sa farashi, ba zan kori mutane ba?

Za ka kori waɗanda da ma ba za su saya ba, CTR zai iya sauka kaɗan, kuma hakan riba ce. Dubi ƙarƙashin kowace tallar da ba farashi, za ka ga "nawa?" "nawa?" jere, mai shafi yana amsa "zo inbos". Kaɗan ne suke zuwa. Na san al'adarmu ta ciniki tana son tayi da albarka, kuma wasu suna tsoron maƙwabcin rumfa ya ga farashinsu ya karya. To ka rubuta "daga jikka kaza", ka bar ƙofar tayi a buɗe.

Su wa zan zaɓa su ga tallar?

Ka fara da inda kayanka suke iya kaiwa. Mai gidan abinci a Yantala ba shi da amfanin biyan kuɗi a nuna wa na Agadas hoton dambunsa. Yana iya dasa alama a taswira ya zana kewaye na ƴan kilomitoci. Tela da ke Harobanda ya tambayi kansa ko matan Talaje za su tsallaka gada don awo. Wanda kuwa yake aika kaya ta motocin Rimbo, STM ko Sonef, yana karɓar kuɗi ta Nita ko Amana, yana iya buɗe wa manyan garuruwa, amma ya rubuta haka a cikin tallar. Wannan jimla ɗaya takan sa na Ƙonni ko Madawa ya danna da niyyar saye.

Kada kuma ka matse da yawa. Masu Facebook a Nijar ba su kai na manyan ƙasashe yawa ba. Idan ka tara sharuɗɗa, shekaru kaza, sha'awa kaza, unguwa kaza, mutanen da suka rage ba su da yawa, tallar za ta yi ta maimaituwa a kansu. Wuri, jinsi da shekaru sukan isa.

Akwai wani rukuni da ake mantawa: ƴan Nijar mazauna waje, musamman mutanen jihar Tawa da ke ci-rani a Abijan da sauran garuruwan gaɓa. Gab da salla suna neman wanda zai kai wa iyalinsu shadda, rago ko buhun shinkafa a gida. Talla daban da aka yi dominsu, da ta ce "ka biya daga can, mu kai gida", magana ce da ta shafe su kai tsaye.

In an danna, ina ya kamata mutum ya sauka: WhatsApp ko shafin intanet?

Ga yawancin ƙananan ƴan kasuwarmu, WhatsApp. Can mutane suka saba, yana buɗewa ko rezo ba ƙarfi, kuma ana iya yin murya. Ka sauke WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018 kuma kyauta ne. Ka jera kayanka da farashinsu a kundin da ke ciki, ka shirya saƙon maraba, ka sa alama a kan duk wanda ya zo ta hanyar talla don ka iya ƙirga su a ƙarshen mako.

Idan shafi gare ka, ka gwada shi da ƙaramar waya da megar Airtel, Moov ko Zamani, ba da wifin ofis ba. Wani binciken Google na 2016 ya nuna kashi 53 na masu ziyara ta waya suna barin shafin da ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Kuma mutum ya sauka a kan ainihin kayan da ya gani a talla. In takalmi ya danna, kada ka kai shi shafin farko ya yi ta nema.

Tallata ta fara da kyau, bayan kwanaki sai dannawa ta ragu. Me ya faru?

Ido ya saba da ita. Ka duba lambar maimaici, wadda ake rubuta "répétition". Ita ce take nuna sau nawa mutum ɗaya ya ga tallar. In tana hawa CTR yana sauka, lokacin sauya hoto ya yi. Sau da yawa kayan nan dai za ka ɗauka ta wani gefe, ko ka sauya layin farko.

Kuɗina kaɗan ne. Yaya zan gane tallar da ta fi?

Ƙanena, ka gwada abu ɗaya a lokaci ɗaya. Hoto biyu, rubutu iri ɗaya, mutane iri ɗaya, kuɗi daidai. In ka sauya hoto da rubutu da unguwa gaba ɗaya, ko sakamako ya bambanta ba za ka san dalili ba. Kada ka yanke hukunci da wuri: fitowa 200 da dannawa 6 kashi 3 ne a lissafi, amma mutum biyu kacal za su iya juya wannan lamba. Ka bari kowace ta fito sau dubbai, ta kwana aƙalla huɗu ko biyar.

Ka kuma daina taɓa tallar kowace safiya. Na'urar Meta tana da lokacin koyo, kuma kamfanin ya ce tana bukatar sakamako wajen 50 cikin mako kafin ta daidaita. Duk babban gyara yana mayar da ita farko. Mai jikka 10 gara ya zuba su a talla biyu da ya watsa su a takwas.

In kana son ganin yadda wasu suke yi, Meta tana da ma'ajiyar talloli a buɗe ga kowa, kyauta. Ka rubuta sunan shafi ka ga tallolin da yake yi yanzu. Ka koyi tsari, kada ka kwashi hoton mutane.

Google fa, ya dace da mu?

Ya dace da wanda ake nemansa da suna: otal, gidan haya, mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, makarantar koyon tuƙi, mai fanon hasken rana. Google ya fara wannan talla a shekarar 2000 da sunan AdWords, ya mayar da shi Google Ads a 2018. Kan maganar tallar ba ya wuce harafi 30, bayani 90, kuma ana iya ba shi kanun magana har 15 ya riƙa jujjuyawa. Abin da ke ɗaga CTR a nan shi ne mutum ya ga kalmar da ya rubuta a cikin kan maganarka, tare da sunan gari. Yawancin masu bincike a nan da Faransanci suke rubutawa, kuma "Niamey" suke sawa. Ka kuma toshe kalmomin da ba naka ba, irin su neman aiki ko kyauta, don kada ka biya kuɗin wanda ba saye ya kawo shi ba.

Akwai lokacin da ya fi?

Akwai. Tela da mai shadda su fara tun farkon azumi, don a goman ƙarshe ɗinki ya riga ya cika. Mai raguna, makonni biyu kafin layya. Mai jakunkuna da littattafai, gab da komawa makaranta a Oktoba. Ƙarshen wata, in albashi ya shigo, hannu yakan fi sakewa. Game da sa'o'in yini, lissafin tallarka zai nuna maka, amma kada ka bar talla tana gudu a lokacin da ba mai amsa saƙo.

Wani ya ce in ba shi kuɗi zai kawo mini dubban masu dannawa da mabiya. In yarda?

A'a. Yawancinsu asusun bogi ne, ko mutanen wata ƙasa da ake biya su danna. Lambar za ta hau, aljihu ba zai ji ba. Illar ma ta wuce asarar kuɗin: na'urar talla tana koyo daga waɗanda suka taɓa shafinka, in ka cika shi da na bogi za ta riƙa nemo maka irinsu.

Haka nan ka nisanci dabarun ruɗi, irin su "ba za ka yarda da abin da za ka gani ba" ko "rubuta amin ka tura wa mutum goma". Meta tana rage wa irin waɗannan daraja a gwanjo. Masu magungunan gargajiya da kayan gyaran jiki su yi hattara musamman: dokokin tallar kamfanin sun hana rubutun da ke nuna ka san ciwon mai karatu, kamar "kana da ciwon suga?", da alkawarin warkarwa na ƙarya. Ana ƙin tallar, in aka maimaita a rufe asusun.

In za ka ba wani aikin talla, asusun ya zama da sunanka, katin biya naka, shi kuma ka ba shi izinin shiga kawai. Duk mako ya kawo maka lambobi huɗu: kuɗin da aka kashe, dannawar mahaɗi, saƙonnin da suka shigo, da cinikin da aka yi. Na ƙarshen daga littafin butikinka za ka cike shi, ta hanyar tambayar kowane sabon mai saye inda ya gan ka.